Tsumman Baba Sifana

Saura minti huɗu agogon inji ya cika awa ɗari biyu, Maman Biyu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta tashi ta leƙa agogon, ta koma ta zauna, ta sake tashi ta gyara zaman littafin da ba abin da ya same shi. Injin kuwa ko a jikinsa, yana ta ruri a tsakiyar ɗakin gwaji, ɗaure a kan dakalin siminti, hayaƙinsa na bin bututu yana fita ta bango. Sati bakwai ke nan tana zaune da wannan ruri, awa shida kullum, daga ta kai 'yan biyunta makaranta har lokacin ɗauko su.

Dogo, ɗalibin digiri na uku da ba ya rasa abin tsokana, ya zo ya tsaya a bayanta yana ƙirga sakan da yatsu. Ta ɗaga hannu kamar za ta kai masa duka, amma dariya ta ci ƙarfinta. Yau ko taka ta aka yi, ita za ta ba da haƙuri.

Malamar makarantar koyon sana'a ce, an ba ta hutun shekara biyu ta zo ta yi digiri na biyu, kuma hutun ya zo gangara. Saura kwana goma sha biyu ta miƙa kundin bincikenta ta koma aji. Ƙari kuwa babu. Shugaban makarantarsu ya faɗa mata baki da baki, ya kuma rubuto a takarda don kada ta ce ba ta ji ba.

Aikin nata a kan man tsofaffin tayoyi ne. Ana yanyanka taya a zuba a tukunyar ƙarfe, a rufe ruf, a ba ta wuta har ta tsattsafo da wani baƙin mai mai ɗan karen wari. Duk wanda ke wannan fanni ya san man yana ci a injin dizal. Inda matsalar take shi ne nozul, wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba, mai ƙananan huji huɗu a baki, ta inda mai ke fesuwa cikin inji. Man taya ba ya jimawa yake tara masa kunkunniya ya toshe hujin, inji ya fara tari, ya mutu. Ita dabararta ita ce ta tace man sau biyu, ta bi da shi ta cikin gawayi da yumɓu, sannan ta gauraya kashi ɗaya da kashi huɗu na dizal. In nozul ya yi awa ɗari biyu ba a taɓa shi ba kuma bai toshe ba, ta ci. In ya toshe, shekara biyu sun tafi a banza.

Warin man kuwa ya zame mata turaren dole. Sau biyu direban bas yana tsayawa gefen hanya ya sauka ya zagaya tayoyinsa, ita kuma ta yi tsit a kujerar baya tana kallon taga. Maigidanta ya kafa ƙusa a bayan ƙofar waje musamman don rigar aikinta. 'Yan biyu in ta dawo da hannu ɗaya suke rungumarta, ɗayan yana kan hanci.

Agogo ya nuna ɗari biyu cif. Ta yi bisimilla ta ja ƙarfen kashewa. Injin ya yi gyatsa biyu ya tsaya, ɗakin ya yi shiru har ana jin takun mutane a bene na sama.

Da son ranta ne, a kwance nozul nan take. Amma Baba Sifana ya tare hanya. Shi ne ma'aikacin ɗakin gwajin, shekararsa talatin yana kula da injunan nan, sifana a aljihun dama, tsumma a kafaɗar hagu, ba ka taɓa ganinsa babu su. Mutum ne da ba ya iya ganin datti a jikin ƙarfe ya wuce. Ko motar baƙo ya jingina da ita yana hira, kafin ya tashi ya goge inda ya taɓa da inda bai taɓa ba. Ya ce sai inji ya huce, awa ɗaya. Ta ce rabin awa. Suka yi ciniki kamar a kasuwa, aka daidaita a minti arba'in da biyar, ta ƙare su tana zagaya injin tana ɗana masa bayan hannu.

A saman kabad ɗin ɗakin akwai wani babban gwangwanin madara, an naɗe murfinsa da salatif. Ƙa'idar Farfesa ce, malamin da ke duba aikinta: kafin a tayar da duk wani dogon gwaji, kowa a ɗakin sai ya rubuta abin da yake jin zai faru, ya ninke takardar ya jefa ciki, a rufe, ba a buɗewa sai an gama. Wanda hasashensa ya fi yin nisa da gaskiya, shi zai yi gadin inji na gaba, ya zauna cikin ruri yana rubuta lambobi duk rabin awa. Shekara ashirin da biyu ana wannan al'ada, ɗalibai sun sha gadi, Baba Sifana ma ya taɓa sha sau uku, amma Farfesa bai taɓa faɗuwa ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi Farfesa ya shigo. Gajere ne mai furfura, tabarau rataye da igiya a wuya, kuma yabo a bakinsa ya fi komai tsada. Dogo ne ya tsara wa sababbin ɗalibai fassarar: in Farfesa ya duba aikinka ya ce "hmm" sau ɗaya, koma ka sake, in sau biyu ne, ka tsira, sau uku kuwa labari ake ji, ba wanda ya taɓa gani.

Baba ya sa sifana ya kwance nozul, ya ɗauko shi a tafin hannu, ya ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Farfesa ya ja baya ya ce mai aiki ita za ta fara gani. Ta sunkuya, ta juya maɓallin har hoton ya fito. Ga ɗan baƙi-baƙi a gefe, siriri. Ga huji na farko a buɗe. Na biyu a buɗe. Ta juya ƙarfen a hankali. Na uku, na huɗu, duk a buɗe tas, haske na ratsa su.

Ba ta san sanda ta kama hannun rigar Dogo tana jijjigawa ba. Dogo ya leƙa, ya ɗago ya fara taka rawa da dogayen ƙafafunsa tsakanin jarkoki. Farfesa ya sa tabarau ya sunkuya, ya daɗe. Ya ce hmm. Ya juya nozul, ya ce hmm. Dogo ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Farfesa ya ƙara haske, ya sake dubawa, sai ga na uku ya fito, dogo mai nauyi. Maman Biyu ta ji hawaye sun cika mata ido, daɗi kamar ya kashe ta.

Farfesa ya ce yana da aji, ƙarfe biyu zai dawo a buɗe gwangwani, kada kowa ya taɓa nozul ɗin sai an gama ɗaukar hotuna. Dogo ya ruga sayo lemo. Ita kuma ta kira maigidanta, ta ba shi labari a birkice, ƙarshe kafin farko, ta ce yau shi zai ɗauko yara. Ya yi ta hamdala, sannan ya ce yana isa gida zai zare ƙusar nan da ke bayan ƙofa, gida ya huta da warin taya. Ta ce ya zare, ya jefar ma in ya ga dama.

Tana cikin ɗaukar hoto na shida Baba Sifana ya matso ya roƙi a ba shi ya gani. Ya sa ido ɗaya ya rufe ɗaya, yana murmushi kamar an nuna masa jika.

"Kai, 'yata, man nan naki ɗan albarka ne," ya ce. "Ai ko ranar da na wanke shi ban sha wahala ba. Goga biyu ya fita."

Ta ajiye wayar a hankali. "Wace rana, Baba?"

"Ranar juye mana. Da ba ki zo ba, da 'yar nan taki ta yi zazzaɓi."

Ta tuna ranar sarai. Agogo na kan awa ɗari daidai, lokacin canjin baƙin man inji ya yi, ɗaya daga cikin 'yan biyu ta tashi jiki zafi rau. Daga layin asibiti ta kira Baba ta roƙe shi ya yi mata juye. Washegari ta rubuta "juye" a littafi, ta tayar da inji, ta ci gaba. Ba ta ce masa kada ya taɓa nozul ba, don a wurinta abin a fili yake, shi ne ma gwajin gaba ɗaya. Shi kuma bai ce mata ya wanke ba, don a wurinsa shi ma abin a fili yake: juyen da ba a leƙa nozul ba ai ba juye ba ne, ha'inci ne. Awa ɗari biyun da take taƙama da su, ashe ɗari ce kawai.

Ta ce masa tana zuwa. Ta fita ta zauna a matattakalar bayan gini, inda aka tara tsofaffin tayoyinta.

Ba wanda ya ji. Dogo yana wajen sayen lemo, Farfesa yana aji, Baba kuwa bai ma san ya faɗi wani abu ba. Littafi "juye" kawai ya ce. Hotuna na nan a waya, masu kyau. A shafi na hamsin da ɗaya na kundinta har ta riga ta buga jimlar tun satin jiya, wai an yi awa ɗari biyu ba tare da an cire nozul ko an goge shi ba. Abin da ya rage ta yi shiru na kwana goma sha biyu, shi ke nan. In kuwa ta yi magana, awa ɗarin da ta rage, a awa shida kullum, sati uku ne da ɗoriya. Ta ƙirga da yatsu sau biyu, ko lissafin zai ji tausayinta, bai ji ba.

Abin da ya tashe ta daga matattakalar nan abu biyu ne, kuma gara a faɗi duka. Na farko, ranar kare kundi ita za ta tsaya ta karanta wannan jimla da bakinta, ga Farfesa a gaba, ga Baba a kujerar baya, don ya riga ya ce babbar rigarsa zai sa ya zo. Ta gwada karantawa a zuci, harshenta ya ƙi. Na biyu kuma, ta san bakin Baba. Mutumin da ya faɗa mata yau cikin alfahari, gobe zai faɗa wa Farfesa cikin alfahari, jibi ya faɗa wa mai gadi.

Baba ta fara samu. Ta yi masa bayani a hankali, tana kallon ƙasa, don ba ta son ganin fuskarsa. Da ta gama, ya sauke tsumman daga kafaɗa yana juya shi a hannu.

"Shekara talatin ban taɓa mayar da ƙarfe cikin inji da datti ba," ya ce. "Ashe dattin kike nema."

Ya ce shi zai je ya tari Farfesa a ƙofar aji ya faɗa masa, tun da hannunsa ne ya yi ɓarnar. Ta ce a'a. Gwajin nata ne, bakinta ne bai yi magana ba, kuma shi taimakonta ya yi ranar da ba ta da kowa. Tausayinsa ya kama ta har ya fi na kanta.

Ƙarfe biyu Farfesa ya dawo, ya sauko da gwangwani da kansa. Dogo ya jera kwalaben lemo a kan tebur. Kafin a ɓare salatif ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, akwai magana. Ba awa ɗari biyu ba ne. An wanke nozul a awa ta ɗari, ranar juye. Ni ce ban faɗa wa Baba kada ya taɓa ba. Yanzu na sani."

Dogo ya mayar da mabuɗin kwalba aljihu. Farfesa bai ce hmm ko ɗaya ba, wanda ya fi komai ban tsoro. Ya juya wajen Baba ya tambaye shi yadda ya tarar da nozul ɗin ran nan. Baba ya ce kamar na yau, baƙi kaɗan a gefe, huji a buɗe. Ya tambaya ko inji ya yi tari kafin nan, Baba ya ce ko atishawa. Ya karɓi littafinta ya bi lambobin da yatsa tun daga awa ta farko, shafi bayan shafi, su kuma suna tsaye kamar masu jiran hukunci.

"Wato abin da muke da shi awa ɗari ne, sau biyu," ya ce. "Tun safe akwai wanda ya goge shi?"

Baba ya mayar da hannayensa baya. "Ko numfashi ban yi masa ba."

Farfesa ya ce to ai kunkunniyar awa ɗari tana nan a jikinsa, in aka mayar da shi yadda yake aka ɗora wata ɗarin, an samu ɗari biyu na gaskiya. Ya tambayi mai, ta ce akwai jarka uku. Sannan ta faɗi abin da ke ci mata rai: lokaci ne babu. Awa shida take samu a rana, kwana goma sha biyu ba za su isa ba, kuma shugabanta ba zai ƙara mata ko yini ba.

Farfesa ya tura wa Dogo gwangwani ya ce ya buɗe.

Takardar Dogo ce ta fara fitowa: zai toshe a awa ɗari da hamsin. Ta Maman Biyu ta ce zai kai ɗari biyu, aƙalla huji uku a buɗe. Ta uku rubutun Baba ce, manyan baƙaƙe a karkace, kalma uku kacal: zai fito fes. Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa, dariyar ta ƙwace masa ta hanci. Baba ma ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa.

Saura ɗaya. Dogo ya warware ta, ya karanta a zuci, ya ɗago ya kalli Farfesa, ya sake karantawa.

"Karanta mana, ba wasiƙarka ba ce," in ji Farfesa.

"Ba zai kai awa arba'in ba."

Maman Biyu ta saki baki. Shekara biyu mutumin nan yana gyara mata lissafi, yana sa ta sake tace mai, yana rubuta wa masu gyaran taya takarda su ba ta tsofaffi, ashe a ransa bai ba ta ko awa arba'in ba. Ta tambaye shi me ya sa ya bar ta ta yi.

Sai ga Farfesa yana murmushi, haƙora a waje, abin da ko Baba ya ce rabonsa da gani ya manta. Ya ce shi ma da man taya ya fara lokacin yana ɗalibi, a awa talatin da ɗaya ya toshe masa, tun daga ranar yake riƙe da man nan a zuciya. Ya ce gawayi da yumɓun nan nata bai yarda da su ba, amma kuma bai iya kawo hujjar da za ta kayar da su ba, kuma rashin yardar tsoho ba hujja ba ce. Yana magana yana bubbuga littafinta da yatsa, idonsa na ƙyalli kamar yaron da aka saya wa keke.

"Hasashenku duka ba a san makomarsu ba tukuna," ya ce. "Nawa kuwa ya mutu har sau biyu. Na faɗi. Gadi nawa ne."

Ya ja allo ya yi lissafin a gabansu. Ita daga takwas zuwa biyu kamar kullum, shi daga biyu zuwa shida, awa goma ke nan. Har ranakun hutu, tun da makullin na hannunsa. Kwana goma an gama, saura biyu ta gyara shafin da ya kamata ta miƙa. Ya ce kuma labarin wankin nan sai ya shiga kundi yadda ya faru, da kwanan wata, don shi ma sakamako ne. In nozul ya toshe a hanya, su rubuta awar da ya toshe. Ta ji daɗin safe ya dawo mata sabo, har ya fi na safen, don wannan karon babu abin da take ɓoyewa a ƙarƙashinsa. Dogo ya ciro mabuɗi ya fara fasa lemo tun ba a ce ya fasa ba.

Baba ya ɗauki nozul zai mayar. Ya nufi inji, ya tsaya, sai hannunsa na dama ya tafi kafaɗar hagu shi kaɗai, ba da saninsa ba.

"Baba!" Su uku suka haɗa baki.

Ya kalli hannun kamar na wani. Farfesa ya miƙa masa gwangwanin da babu komai ciki. Baba ya sauke tsumman, ya ninke shi gida huɗu, ya shafa shi, ya sa a ciki. Farfesa ya rufe, ya naɗe da salatif, ya ɗora a saman kabad.

Ƙarfe uku saura kwata injin ya tashi. Farfesa ya cire agogon hannunsa ya ajiye a tebur, ya sa abin toshe kunne, ya zauna a kujerarta. Ya buɗe littafin, ya yafito ta, ya nuna wani layi yana tambaya da ido me ake rubutawa a nan. Ta sunkuya ta nuna masa, ya gyaɗa kai ya rubuta, sannan ya yi mata alama da hannu ta tafi gida. A bakin ƙofa ta waiwaya. Baba na zagaya injin, hannu biyu cikin aljihu.

Tana fita ta kira maigidanta. Ta ji hayaniyar 'yan biyu a bayansa, ya ce yanzu suka shigo, guduma ma ce a hannunsa.

"Ajiye ta," ta ce, tana dariya. "Kada ka zare ƙusar nan tukuna."